Albasar Gidanmu

A gidanmu ba a faɗin damuwa da baki. Ba wai zurfin ciki ne da mu ba. Ba mu dai taɓa bukatar faɗa ba, saboda muna da Mama.

Mama ta yi koyarwa har ta zama shugabar makarantar firamare, a nan ta ƙware a karatun fuska. Yaro zai tsaya a gabanta yana rantsuwa ba shi ya fasa gilashin taga ba, ita kuwa kunnensa take kallo. Abin da ta koya a makaranta, a kanmu take bitarsa in ta dawo gida. Mu uku ne: Yaya Babba, ni da ake kira Dogo, sai Auta.

Tsarinta ɗaya ne, bai taɓa canzawa ba. In ta ga abu a fuskarka, ba za ta tambaye ka a gaban mutane ba. Miƙewa za ta yi ta nufi kicin, ta ce, "Wane, zo ka yanka mini albasa." Ka bi ta, ta ja ƙofa, ta miƙa maka wuƙa da katako, ta juya maka baya tana motsa tukunya. Kafin ka gama ɓare ta biyu ta faɗa maka abin da ke damunka, naka kawai ka ce e. In hawaye sun zo, albasa ce. Ka fito ido jajur, ba wanda ya isa ya tambaye ka dalili.

Na yanka albasa ranar da na faɗi jarrabawa. Yaya Babba ta yanka lokacin da ta haɗu da Injiniya, mijinta na yanzu, ta rasa ta inda za ta fara cewa tana so. Marigayi Baba ma, da furfurarsa da komai, mun sha ganin ya fito daga kicin yana goge ido da hannun riga. Baƙi suna yabon miyar gidanmu, wai ta ji albasa. Ba su san kowace tukunya da wanda ya sha wuya a kanta ba.

Haka muka girma, muka yi digiri, muka yi aure, babu ko ɗaya a cikinmu da ya iya buɗe baki ya ce yana cikin damuwa. Abin da muka iya shi ne mu zauna, mu haɗe rai, mu jira. Har ƙarya muna yi wa Mama, ba don mu yaudare ta ba, sai don ta kama mu. Ƙarya a gidanmu ƙwanƙwasa ƙofa ce.

A bara Auta ya ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba.

Matarsa, wadda har yau Amarya muke kiranta duk da shekarun da ta yi a cikinmu, ta tattara kayanta ta koma gidan iyayenta. Ba duka, ba zagi, ba wata mace. Ta dai gaji da zama da mutumin da in abu ya dame shi sai ya zauna ya kumbura yana jira a gane. Ta ce ita ba duba ta karanta ba. A bakin matata na ji wannan, don su suna da wata fasaha da ba ta taɓa shigowa gidanmu ba: suna yi wa juna magana.

Duk ƙarshen mako muna haɗuwa a gidan Mama mu ci abincin rana. Ranar Auta ya zo shi kaɗai.

"Ina Amarya?" in ji Mama.

"Ta tafi kwas," in ji Auta, yana kallon ƙasa yana sosa kunne.

Amarya shagon ɗinki ne da ita, nata na kanta. Ita ce ma'aikaciya, ita ce shugaba. Ban san wanda zai tura ta kwas ba, sai dai in keken ɗinkin ne. Ƙarya ce da aka yi ta da gangan a gurguje, don kada a sha wahalar kamawa. Auta har ya wanke hannu yana jiran wuƙa.

"Madalla," in ji Mama. "Allah ya ba da sa'a. Dogo, miƙo mini gishiri."

Duk muka daina tauna. Ita kaɗai ta ci gaba.

Makonni suka yi ta wucewa, kowane mako Auta yana ƙara wa fuskar tasa kayan aiki. Ya daina aski. Ya fara zuwa da riga ba guga. Ya koyi wata ajiyar zuciya mai motsa labule. Ranar da gemun ya kai inda ya kai, Mama ta dube shi ta ce, "Gemun nan ya yi maka kyau."

Da muka fito, ya tare ni a jikin motata.

"Ta sani, Yaya."

"Ta san me?"

"Komai. Ta san laifina ne. Ka ji dukan da ta yi mini? Wai gemu ya yi mini kyau."

"Wataƙila gemun ne ya yi maka kyau."

"Tun da kake, ka taɓa jin Mama ta yabi gemu?"

Ban taɓa ji ba. Baba ma da reza ta aure shi.

"Ta fi son Amarya a kaina, kai ma ka sani," ya ce. "Yanzu ta yanke mini hukunci, shi ya sa ba ta kira na. Ni kuwa na je na roƙi a mai da ni reshenmu na can ƙarshen ƙasa. Sun yarda. Ƙarshen wata zan tafi."

"Ka haukace ne?"

"Mutum ba ya zama a garin da matarsa ta bar shi, uwarsa kuma ta daina ganinsa."

Na so in yi masa musu, amma ni ma haka na karanta lamarin. Shirun Mama aji-aji ne, kuma wannan ya yi kama da na ajin ƙarshe. Da Auta ya gaya mata an yi masa canjin wurin aiki, wai ƙarin girma ne, sai ta sa masa albarka ta ce ya dinga kira. Ya dube ni ta saman kwanon shinkafa, kamar mai cewa ka gani ko.

Injiniya ne ya ceci gidan, ba tare da ya sani ba.

Injiniya mutum ne da Allah bai halicce shi da damuwa ba. Yana dariya tun kafin a kai ƙarshen labari, yana barci a zaune, bai taɓa barin abinci a kwano ba. Ranar ya zo da sabon tabarau da bai dace da idonsa ba, sai yamutsa fuska yake yana ƙanƙance ido don ya ga cokali. Mama ta daɗe tana kallonsa. Can ta dafa tebur ta miƙe. Auta ya fara ɗagowa daga kujera.

"Injiniya," ta ce, "zo ka yanka mini albasa."

Auta ya koma ya zauna a hankali, kamar wanda aka ce wa ba layinsa ba ne. Yaya Babba ta ajiye cokali. Tun da aka yi aurensu ba a taɓa kiran mijinta kicin ba, kuma tana alfahari da hakan.

Sun jima a ciki. Ya fito ido jajur, tabarau a hannu. Washegari da safe ya kira ni.

"Dogo, wallahi ba ni da komai."

"To me ka ce mata?"

"Ta juya baya tana jira, ni ma ina jira. Na yanka, na yanka, har albasar ta cika katako. Da shirun ya yi yawa sai na ji kunya, na ce mata wani lokaci ina jin kaɗaici a ofis. Ƙarya ce! Ofishinmu ko wurin ajiye ƙafa babu."

"Sai ta ce me?"

"Wai tun da na shigo ta gani. Yanzu ga yayarka nan ta hana ni karyawa, wai sai na faɗa mata sunan matar."

Na yi dariya har na ƙware. Da na ajiye wayar kuma sai dariyar ta tsaya. Mama ba ta taɓa jiran mutum ya faɗa ba. Ita ke faɗa.

Na fara biyawa ta gidan in na tashi daga aiki, ina zama ina kallonta. Da, in ana wasan kwaikwayo a talabijin, tun a fitowar farko take nuna mugun, ta ɓata wa kowa kallo. Yanzu sai na ji ta ce, "Dogo, wannan dariyar da take yi, ta gaske ce ko ta mugunta?" Wata rana maƙwabciyarta, wadda bishiyar gidanmu ke zubar wa ganye a tsakar gida, ta leƙo ta katanga da tsintsiya a hannu ta ce, "Kai, mun gode da ganyen nan, Mama, kullum ba ma rasa aikin yi."

"Ba komai, 'yata, ai zaman tare ne," in ji Mama. Ta juyo gare ni. "Matar nan akwai kirki."

A nan tsoro ya kama ni, irin wanda ba a ajiyar zuciya a kansa. Na san mahaifin wani abokina da ya fara da ƙananan abubuwa, ya ƙare yana tambayar 'ya'yansa su wane ne su. Na ce wa Mama za mu je asibiti a duba hawan jininta. Na faɗa ina sosa kunne, don sabo. Ta ɗauko jaka ta ce mu je.

Likitar matashiya ce, mai haƙuri. Ta tambayi Mama rana da wata, ta ba ta sunayen abubuwa ta ce ta riƙe, ta sa ta zana agogo. Mama ta cinye duka, har tana neman a ƙara mata. Sai likitar ta fito da hotunan fuskoki, ta ce ta faɗi abin da kowane yake ji. Mai dariya da mai kuka ba su ba ta wahala ba. Amma da aka zo kan mai jin kunya, da mai shakka, da wanda ya danne fushi, sai ta fara laluben duhu. Wani mutum da ko ni na ga zuciyarsa a karye take, ta ce barci yake ji.

Likitar ta ja ni gefe. Ta ce a abin da ta gani, ba cutar mantuwar da nake tsoro ba ce, ko da yake za ta so mu dawo nan gaba a sake dubawa. Ta ce mutane da yawa in shekaru sun ja, gane abin da ke ran wani daga fuska ko daga murya yakan dusashe, kamar yadda ji da gani suke yi. Kan yana nan garau, amma gatse da hannunka-mai-sanda sai su dinga wucewa ta gefe.

"Maganin ba wuya," ta ce. "Ku dinga faɗa mata abu kai tsaye, da baki."

Na yi godiya. Ban gaya mata ta rubuta mana maganin da ba a taɓa sha a danginmu ba.

A mota Mama ta ce, "Hotunan nan ba su fito da kyau ba." Na ce haka ne.

Na sauke ta na wuce gidan Auta. Falon cike da kwalaye, ya naɗe kofuna da tsofaffin jaridu, shi kuma yana zaune a kan katifa a ƙasa kamar ɗan gudun hijira. Na faɗa masa duk abin da likita ta ce.

"Mama?" ya ce. "Wadda ta gane na fara shan sigari daga yadda na ajiye takalmi?"

"Ita."

"Wato ta yarda Amarya tana kwas."

"Ta yarda."

"Kwas ɗin me?"

"Kai ka tura ta, kai za ka sani."

Ya murza gemun da aka yaba. "To yanzu me zan yi?"

"Ka faɗa mata."

"In faɗa mata yaya?"

"Da baki. Wannan da kake cin shinkafa da shi."

Muka yi gwaji, ni ne Mama. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya. "Mama, akwai wata 'yar magana. Wato dai, abin nan. Kin gane ai."

"Ba ta gane ba, Auta. Duk rigimar ke nan."

Ƙarshen makon da ya rage kafin tafiyarsa muka haɗu kamar kullum. Auta ya buɗe baki sau da yawa, kowane karo sai ya zuba shinkafa a ciki. Aka cinye, matata ta fara kwashe kwanuka. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya miƙe zumbur.

"Mama, zo in yanka miki albasa."

"An gama girki ai."

"Na sani."

"To albasar me?"

"Ta gobe."

"Gwiwata ciwo take," ta ce. "Ɗauko ka yanka a nan."

Ya dube ni. Na dubi silin. Ya shiga kicin ya fito da kwandon gaba ɗaya, da wuƙa da katako, ya zauna a gaban kowa: ni, matata, Yaya Babba, da Injiniya wanda ya ja kujerarsa baya da ganin kwandon. Auta ya ɓare ɗaya, ya raba ta biyu.

"Amarya ba kwas ta tafi ba," ya ce wa katakon.

"Ina ta tafi?"

"Gidansu."

"Wani ne ba lafiya?"

"Ta bar ni, Mama. Ta gaji da ni."

Ya ci gaba da yanka albasar.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ce kwas."

"Kai ka ce kwas!"

"Na ɗauka za ki gane."

"In gane me? Na tambaye ka ko ana sanyi a wurin, ka ce e!" Ta miƙe, ta manta da gwiwar, ta shiga ɗaki ta fito da rigar sanyi ruwan toka, saƙar hannu, saura hannu ɗaya a gama. Ta jefa ta a kan tebur. "Wata da watanni ina tsiyayar da idona a kan wannan. Ashe yarinya tana nan gidansu bayan gidan mai, zafi yana dafa ta."

"Ni na ɗauka fushi kike da ni," in ji Auta. Hawaye sun fara, kuma albasar ba ta isa ta ɗauki laifin duka ba. "Ba ki kira ni ba. Kin tsallake ni kin kira Injiniya."

"Ni ma ban nema ba," in ji Injiniya.

"Fushin me?" in ji Mama. "Ni ina nan ina cewa yaron nan ya daina zama kusa da ni, ko na fara gundurar mutane ne irin na tsofaffi. Canjin wurin aikin fa? Ka ce ƙarin girma ne."

"Ni na roƙa."

"Don me?"

"Don na ga kin daina so na."

Ta daɗe tana kallonsa, kamar yadda ta kalli hotunan asibiti. "Auta, akwai gaskiya ko guda ɗaya da ka faɗa mini a 'yan watannin nan?"

Ya yi tunani. "Na ce miyar ta yi daɗi."

Ta kai masa duka a kafaɗa da rigar sanyin, sannan ta bar hannunta a wurin. Ta zauna.

"Ku saurara, tun da yau ranar magana ce," ta ce. "Ba na gani kuma. Da, fuskokinku kamar allo suke, an rubuta da alli ɓaro-ɓaro. Yanzu an goge. Na jima da sani. Na ga Injiniya ya haɗe rai, na ce bari in gwada ko da saura."

"Tabarau ne, Mama," in ji Injiniya.

"Kaɗaicin fa?"

"Babu."

"Kai ma?" Ta girgiza kai. Yaya Babba ta sauke numfashi, ta tura wa mijinta sauran naman da ta hana shi.

"Me ya sa ba ki faɗa mana ba?" na tambaya.

"Wa ya koya muku rashin faɗa?" ta ce. "Na ce in na faɗa, me ya rage da zan yi muku? Amma bari in gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Aikin nan akwai gajiya. Ka shiga ɗaki, duk wanda ke ciki ya ɗora maka kayansa ba tare da ya buɗe baki ba. Mai kanti, direba, ubanku, ku. Yanzu in na fita, kowa lafiyarsa lau. Barci nake kamar jaririya. Maƙwabciyar nan ma ta zama mutuniyar kirki."

Ba wanda ya gyara mata. Wannan karon da gangan muka yi shiru.

Ta juya ga Auta. "Gobe ka je ofis ka ce ka fasa. Ka faɗa da baki, kada ka je ka tsaya wa shugabanku kana ajiyar zuciya. Daga nan ka ɗauki rigar nan ka kai wa Amarya."

"Hannu ɗaya gare ta, Mama."

"Ka kai haka. In ta tambayi dalili, ka samu abin fara magana. Ni ba zan je in karanto maka ita ba. Na yi ritaya. Kuma ka aske gemun nan."

"Kin ce ya yi mini kyau."

"Na ɗauka so kake a yaba."

Shugaban nasu ya yi ta faɗa, amma ya soke canjin. Auta ya kwance kwalayensa, kofuna biyu suka fashe a tafiyar da ba a yi ba. Amarya ba ta dawo ba tukuna, amma tana ɗaukar wayarsa, kuma matata ta ce ƙorafinta yanzu shi ne ya fara magana ya rasa inda ake tsayawa. Kwandon albasa ya koma zama a tsakiyar teburin cin abinci. Mai bukata ya miƙa hannu ya ɗauka da kansa. Injiniya ya canza tabarau, amma har yau a can ƙarshen tebur yake zama, yana murmushi har kumatunsa su gaji.

Makon jiya ina cin abinci, Mama ta ɗago ta dube ni.

"Kai fa, Dogo? Wannan fuskar ta mece ce?"

"Ba komai, Mama."

"To madalla," ta ce, ta ci gaba da cin abincinta.

Tun da aka haife ni ban taɓa cewa ba komai an yarda ba sai ranar. Na zauna na ɗan bincika kaina, don sabo. Ba komai ɗin ne kuwa. Na ƙara miya.